Sifirin Ɗin Bawul: Ɗan Ƙarfen Da Ke Riƙe Da Ran Injin



An nemi in yi jawabi a kan injunan motocin tsere, ni kuwa na zaɓi in tsaya a kan wani ɗan murɗaɗɗen ƙarfe wanda bai wuce tsawon yatsa ba, wato sifirin ɗin bawul. Kada ku raina shi, domin ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Bawul dai ƙofa ce a saman silinda. Wani na shigar da iska da mai, wani na fitar da hayaƙi. Kamshaf ne ke tura shi ya buɗe, amma rufewa aikin sifirin ne. A injin mai bugu huɗu, kamshaf yakan yi juyi ɗaya a duk juyi biyu na karanshaf. Saboda haka, idan injin na juyi 6,000 a minti, kowane bawul zai buɗe ya rufe sau 3,000, wato sau 50 cikin daƙiƙa guda.

To, a nan gizo ke saƙar. Idan aka ninka gudun injin sau biyu, ƙarfin da ake bukata don komo da bawul mazauninsa yakan ninku sau huɗu. In sifirin ya gaza, sai bawul ya daina bin kamshaf, fistan ya taso ya tarar da shi a buɗe, su yi karo. Bawul ya lanƙwashe, wani lokaci ma injin ɗungurungum ya tashi aiki.

Wani zai ce, ai sai a saka sifirin mafi tauri a huta. Ba haka abin yake ba. Taurin da ya wuce kima yana cinye kamshaf, yana kuma shanye wani kaso na ƙarfin injin. Don haka gwanaye sukan auna abu uku. Na farko, matsin sifirin yayin da bawul ke rufe da kuma yayin da ya buɗe gaba ɗaya. Na biyu, tazarar da ta rage kafin zoben sifirin su haɗe da juna, inda akan bar wajen milimita 1.5. Na uku, karkarwar da sifirin ke yi shi kaɗai a wani mizanin gudu, wadda ake magancewa da sifirin biyu, ƙarami a cikin babba, ko da mai siffar amya, wanda samansa ya fi ƙasansa tsukewa.

Hanya mafi hikima kuwa ita ce rage wa sifirin kaya. Bawul na titaniyam ya fi na baƙin ƙarfe sauƙi ƙwarai, don haka sifirin matsakaici ma ya ishe shi.

Akwai kuma waɗanda suka rabu da sifirin ɗin. A 1954 kamfanin Mercedes-Benz ya fito da motar tsere W196, wadda kamshaf ke buɗe bawul ɗinta ya kuma rufe shi, dabarar da injiniya Fabio Taglioni ya saka a baburan Ducati na Italiya a 1956. A 1986 kuma kamfanin Renault na Faransa ya maye gurbin sifirin da matsattsiyar iska a tseren Formula 1, kuma da wannan dabara injin Cosworth ya kai juyi 20,000 a minti a 2006.

'Yan'uwa, wasunku gobe su ne za su sa hannu a takardun gyaran motocin ma'aikatu. Idan bakanike ya ce zai cusa washa a ƙarƙashin gajiyayyen sifirin, ku tambaye shi ko ya auna tazarar da za ta rage. In bai auna ba, a sayo sabo, domin kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin injin ba.