Albashin Yaranmu Amana Ne

A wannan biki na zagayowar shekara, mu tuna mu ma iyayen gida ne, muna biyan direbobi da yaran shago daga Garwa har Marwa. Kason CNPS da haraji wajibi ne mu cire. Amma mai bin yaronmu bashi ba ya taɓa albashinsa sai ta kotu, bayan an gwada sulhu, kuma wani kaso kawai. Dokar OHADA ke nan, a Kamaru da Cadi da Nijar, ban da Najeriya. Kuɗin ciyar da 'ya'ya ake fara cirewa. In umarnin kotu ya iso muka yi biris, bashin na iya hawa kanmu. Cin tarar ma'aikaci kuwa, Dokar Ƙwadago ta 1992 ta haramta. Allah ya yi mana jagora.