Tsohuwar Kyamara Ko Sabuwa?



Matashin da ke son fara ɗaukar hoton biki da suna a Lajawa, idan ya shiga Kano sayen kyamara, iri biyu za a ajiye masa: tsohuwar DSLR mai madubi a ciki, irin Nikon D90 ta 2008, da ƙarama marar madubi, irin Sony a6000 ta 2014.

Ƙaramar ba nauyi, tana saurin kama fuska, ta kuma fi daɗin bidiyo. Tun 2018 Canon da Nikon ma can suka karkata.

Amma a Lajawa batir ne magana. Marar madubi kullum allonta a kunne yake, da ƙyar ta wuce hoto 360 a caji guda, ita kuwa D90 tana haura 800. Wanda zai wuni a gidan biki, ko a kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a, ba tabbacin wuta, ya san bambancin. Ga ƙurar hunturu: da ka cire ruwan tabarau daga marar madubi, idonta mai ɗaukar hoto a buɗe yake, ƙura ta shiga, sai ɗigo-ɗigo a fuskar amarya.

A ganina, mai ƙaramin jari ya ɗauki tsohuwar, ya sa ragowar kuɗin a ruwan tabarau mai kyau da fitila. Sai dai kafin ya biya, ya sa a duba masa adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin maɗaukinta yana gajiya, gyaransa kuma sai an koma Kano.