MAGUNGUNAN CETON RAI KAFIN A ISA ASIBITI

Wannan shi ne jawabin da Editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban azuzuwan manya, maza da mata. Mun buga shi domin wanda bai halarta ba ya karanta, ya kuma karanta wa iyalinsa.

 

Wata damina a ƙauyenmu, ɗan ƙanwata mai shekara 2 ya kwana yana zawo da amai. Uwarsa ta hana shi ruwa, wai kada zawon ya ƙaru. Ga shi rafi ya kawo, mota ba ta ƙetarewa. Sai da azahar muka kama hanya, kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Malamin asibiti ya ce da ni rashin ruwa ne a jiki ya kai yaron ga haka. Abin da ya fi damuna shi ne, fakitin maganin da ya kamata a ba shi yana nan a shagon da ke kusa da gidanmu. Kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma Allah da ya saukar da cuta ya saukar da magani, ya kuma ba mu hankalin nemansa.

Saboda haka yau zan yi magana a kan magungunan da ake bai wa mara lafiya kafin a isa asibiti. Iri uku ne. Akwai na ajiyewa a gida. Akwai na hannun ma'aikacin lafiya na ƙauye. Akwai kuma waɗanda sai asibiti. Dukkansu aikinsu su riƙe mara lafiya a hanya. Ba sa hana tafiya asibiti.

NA AJIYEWA A GIDA

Na farko shi ne ruwan gishiri da sukari. A jikin fakitin za ku ga haruffa uku: ORS. Zawo da amai suna zuƙe ruwan jiki. Alamar haka ita ce ido ya faɗa, baki ya bushe, maɗigar jariri ta loɓa, fitsari ya ragu. A juye fakiti ɗaya cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, wato leda biyu ta fiya wata mai 50cl. A duba fakitin tukuna, domin akwai ƙanana na rabin lita. Idan babu fakiti, a sa sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi, cikin lita ɗaya. Kada a ƙara gishiri, yawansa yana cutarwa.

Duk lokacin da yaro ya yi zawo a ba shi. Wanda bai kai shekara 2 ba, kwata zuwa rabin kofi. Wanda ya wuce haka, rabin kofi zuwa kofi guda. Idan ya yi amai, a jira minti 10, a ci gaba da cokali a hankali. Kada a daina ba da nono. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo.

Kada ku raina wannan ruwa. A shekarar 1971 kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a ƙasar Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa bai wa mutane ruwan gishiri da sukari. Da farko, cikin kowane mutum 100 da suka kamu kusan 30 ke mutuwa. Bayan haka sai suka koma ƙasa da 4.

Abokin tafiyarsa shi ne ƙwayar zink. Tun shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a riƙa haɗa su. Ƙwaya ɗaya kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya. Jaririn da bai kai wata 6 ba rabin ƙwaya.

Na biyu shi ne farasitamol. Yana saukar da zafin jiki, yana rage ciwo. Babba ya sha ƙwaya 2, ya jira awa 6 kafin ya ƙara. Kada ya wuce ƙwaya 8 a kwana da wuni, domin yawansa yana lalata hanta. Na yara a bi awon da aka rubuta a jikin kwalba. Ku sani fa, farasitamol ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Jiki ya yi sanyi ba ya nufin an warke. A je a yi gwaji.

Na uku shi ne sukarin shan shayi. Mai ciwon sukari da ya sha magani ko ya yi allura bai ci abinci ba, sukarin jininsa yana iya faɗuwa. Za ku ga yana gumi, yana rawar jiki, yana magana ba kan gado. Idan yana iya haɗiya, a dama sukari cokalin shayi 3 ko 4 a ruwa a ba shi, sannan ya ci abinci. Idan ya suma kada a ɗura masa komai, domin zai shaƙe.

Na huɗu shi ne abin shaƙar masu asma, wanda aka fi sani da Ventolin, mai shuɗin murfi ko shuɗin jiki. Yana buɗe hanyar numfashi cikin 'yan mintoci. A zaunar da mai ciwon, kada a kwantar da shi. A girgiza, a fesa sau ɗaya ya ja numfashi, a jira rabin minti zuwa minti ɗaya, a sake, har sau 10 idan bai sami sauƙi ba. Idan ya kasa magana ko leɓensa ya canza launi, a kama hanya nan take.

Na biyar shi ne asfirin. Idan babba ya ji ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutse, ciwon yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, yana gumi, wataƙila bugun zuciya ne. Ya tauna ƙwaya ɗaya mai lamba 300, a tafi da shi. Ba a bai wa yaron da bai kai shekara 16 ba. Ba a bai wa mai zubar jini, ko wanda jikinsa ba ya karɓar asfirin. Haka wanda bakinsa ya karkace ko ɓarin jikinsa ya shanye, kada a ba shi, domin mai yiwuwa jijiya ce ta fashe a cikin kai.

NA HANNUN MA'AIKACIN LAFIYA

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Idan yaro mai zazzaɓi ya yi ɗaya daga cikin abubuwa huɗu, to ciwon ya tsananta: ya yi jijjiga, ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya langaɓe ba a iya tashe shi. Irin wannan yaro ba ya iya haɗiye ƙwaya. Shi ya sa aka yi maganin atesunet na matsi, wanda ake sawa ta dubura. Na yaran da ba su kai shekara 6 ba ne. Ma'aikacin lafiya yana sa ɗaya ko biyu, gwargwadon nauyin yaro. Asalin maganin daga wani tsiro ne na ƙasar Sin, kuma matar da ta gano shi, Tu Youyou, ta sami lambar girmamawa ta Nobel a shekarar 2015.

Ga inda iyaye ke kuskure. Bayan matsi yaro kan buɗe ido, sai a ce ai ya ji sauƙi, a koma gida. Kul! Matsi ɗaya ba ya gama kashe cutar. Dole a kai shi inda za a yi masa allurar atesunet na aƙalla awa 24, sannan ya sha ƙwayoyi na kwana 3.

Idan yaro yana jijjiga, a kwantar da shi a gefensa, a kawar da wuta da abin da zai ji masa ciwo. Kada a cusa masa cokali a baki. Kada a ɗura masa jiƙo. Kada a turara masa hayaƙi. Idan jijjigar ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ma'aikacin lafiya yana da magani mai suna diyazifam da ake sawa ta dubura. Ba a ajiye shi a gida, domin idan ya yi yawa yana danne numfashi.

Yanzu ga iyayena mata, da ku mazajensu. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin awa 2. A asibiti ana yin allurar oksitosin, amma ita tana son firji. Domin wuraren da babu firji akwai ƙwayar misofrostol, wadda Nijeriya ta yi wa rajista domin wannan aiki a shekarar 2006. Mace tana haɗiye ƙwaya 3 da zarar jariri ya fito, bayan an tabbatar babu ɗan tagwaye a ciki. Ƙwayar tana matse mahaifa, jini ya ragu. Takan sa rawar ɗari da ɗan zazzaɓi, amma suna wucewa. Ku riƙe wannan da kyau: ba a shanta kafin jariri ya fito. Wadda ta sha domin naƙuda ta yi sauri, mahaifarta tana iya fashewa, a rasa uwa da ɗa. A wurin awo ake tambayar wannan ƙwaya, a can ake koyar da yadda ake sha. Haihuwa a asibiti dai ita ta fi.

Mai ciki da ke fama da ciwon kai mai tsanani, tana ganin dishi-dishi, fuska da hannu sun kumbura, tana dab da jijjiga. Wannan ba iska ba ce. Hawan jini ne na masu ciki. Maganinsa allurar magneziyam salfet, wadda ƙwararriyar ma'aikaciya za ta iya farawa a ƙaramin asibiti kafin ta tura ta babba.

WAƊANDA SAI ASIBITI

Lokacin noma da girbi ne maciji ya fi sara. Kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa, dafinta yana hana jini daskarewa. Maganin dafi allura ce da ake sawa ta jijiya a asibiti. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti na musamman domin saran maciji. Kafin a isa, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da warwaro kafin kumburi. A ɗaura wa ƙafar ko hannun sanda kamar ɗori domin kada ya motsa. A ɗauki mutumin, kada ya taka. Idan yana jin ciwo a ba shi farasitamol kawai. Asfirin da ibufurofen da daikulofenak suna ƙara zubar jini.

Wanda ya sha fiya-fiya, ko maganin feshi ya zube masa, a tuɓe masa kaya a wanke jikin da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A tafi da kwalbar maganin domin likita ya gani. Ga irin su fiya-fiya akwai allura mai suna atirofin.

Wani kuma zuma ta harbe shi ko a yi masa allura, nan da nan fuska da harshe su kumbura, numfashi ya sarƙe. Maganin wannan allurar adirenalin ce a cinya, kuma minti ɗaya yana da muhimmanci. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ba a yarda da allurar mai talla a kasuwa ba, domin idan abu ya rikice ba shi da abin ceto.

SHIRI TUN KAFIN RANAR

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Amma ƙwayar asibiti idan ta tsufa ƙarfinta raguwa yake yi. A jikin kowane kwali akwai haruffa EXP, da wata da shekara a gabansu. Wannan ne wa'adin maganin. Idan ya wuce kada a sha. Ku nemi kuma lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin sa ido a kan abinci da magunguna. Daga ƙarshen shekarar 2008 zuwa farkon 2009 wani gurɓataccen maganin haƙoran yara ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan. Ku sayi magani a asibiti ko kemis mai rajista, ba wanda ya wuni a rana a kan faranti ba. A gida a ajiye shi a inuwa, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Idan kun bai wa mara lafiya wani abu, ku rubuta sunansa da lokacin a takarda, ku miƙa wa likita. Ga ku kun iya rubutu, to ga inda zai yi muku rana.

Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112, kuma kyauta ce. Sai dai motar asibiti ba ta kaiwa kowane ƙauye. Don haka ina roƙon Maigari da dattawa abubuwa uku. A sami direba ko mai babur da ya yarda a tashe shi ko da tsakar dare, kowa ya rubuta lambarsa. A kafa asusun gaggawa domin kuɗin mai. A san samarin da za su bi mai haihuwa idan ana bukatar jini. Ku kuma magidanta, kowa ya ba iyalinsa izini tun yau, cewa idan ciwo ya taso ba ya gida, a tafi asibiti kada a jira shi.

Kafin kasuwa mai zuwa, kowane gida ya tanadi fakitin ORS biyu da zink da farasitamol. Kuɗinsu bai kai na kaza ba. Rigakafi ya fi magani, amma idan ciwo ya riga ya shigo, kada ya tarar da mu hannu rabbana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki matanmu lafiya, ya raya mana zuriya.