Asirin Wasiƙun Hakimai a Zamanin Imel



A dā idan Hakimi zai aika da takarda fadar Zazzau, malaminsa ya kan rubuta, a sa hatimi, a manne, a ba manzo amintacce. In an ga ambulan a ɓarke an san wanda za a tambaya. Yanzu kuwa a gundumomin da ke ƙetaren kogin Kaduna, kamar su Kakuri da Makera da Barnawa, wasiƙu da dama ta imel su ke tafiya, ba manzo ba hatimi. To, wa ke ganinsu a hanya?

Cikin shekarar 2004 kamfanin Google na Amurka ya buɗe Gmail, akwatin wasiƙa na kyauta. Amma fa kyautar da ladanta. A lokacin na'urorin kamfanin su kan bi kalmomin da ke cikin wasiƙa, su gane abin da mai ita ke bukata, sa'an nan su jera masa tallan da ya dace. Watau in mutum ya rubuta zancen ginin gida, sai a nuna masa tallan kayan gini. Masu talla su ke biyan kuɗin akwatin.

Mutane suka kai ƙara. A 2013 lauyoyin kamfanin suka gaya wa wata kotu a Kalifoniya cewa wanda ya aika wa abokin cinikinsa takarda bai kamata ya yi mamaki ba in magatakardan abokin ya buɗe ta. Malaman Hakimai su ne za su fi kowa ganin raunin wannan hujja. Lalle malami ya kan buɗe takardar ubangidansa, amma da izninsa, kuma ba ya kai labarinta kasuwa ya sayar.

Cikin Yuni 1917 ba a san wannan sana'a ba, amma cikin Yuni 2017 Google ya ba da sanarwa zai daina duba wasiƙun Gmail don talla. Duk da haka na'urori ba su bar bin wasiƙu ba, gama da haka su ke tace na 'yan damfara. A 2018 kuma wata jarida ta Amurka ta bayyana cewa Yahoo na bin wasiƙun jama'a don amfanin masu talla.

Abin da ya sa wannan ya shafi Hakimi ya fi na tallan kayan gini nauyi. Takardunsa na ɗauke da rikicin fili, da rabon gado, da sulhun aure, da sunan wanda ya kai rahoton ɓarawo a asirce. Mutanen nan amana suka ba ofis, ba wanda ya nemi yardarsu kafin maganarsu ta kwana a kwamfutar wata ƙasa.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tsare asirin wasiƙun ɗan ƙasa da maganarsa ta tarho. Ran 12 ga Yuni 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ba kowa ikon hana a yi amfani da bayanansa don talla. Ita dai dokar ba kamfanonin waje kaɗai ta hau ba, har da ofishin da ke riƙe da sunayen talakawa.

Saboda haka ana roƙon kowane Hakimi ya raba akwatin ofis da na kansa, ya kuma nemi adireshin hukuma mai ƙarewa da gov.ng inda ya samu. Kada malami ya buɗe akwatin ofis a shagon buga takardu ya tashi bai rufe ba. In malami ya bar aiki, a sake kalmar sirri a ranar. Maganar da ta shafi ran mutum ko mutuncinsa kuwa, gara a rubuta ta a takarda, a sa hatimi, a ba manzo ya kai Zariya hannu da hannu.