Amsoshin Wasiƙunku: Tsohon Fim Da Bashin Kaka

Wannan mako wasiƙu biyu ne suka zo mana a kan magana ɗaya, wato tsofaffin finafinai da wasannin talabijin da ake kallo a gida, don haka za mu haɗa su mu amsa.

Ta farko ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Gwarzo. Ya ce an tura masa tsohon fim ɗin Indiya mai suna Mother India a waya, ya tara 'ya'yansa bayan sallar isha don su kalla tare, amma tun ba a yi nisa ba samarin suka watse, wai fim ɗin ya cika tsawo, ba komai a ciki sai kuka da waƙa. Shi kuwa a ganinsa ba a taɓa yin fim kamarsa ba. Ta biyu daga wani mai sayar da hatsi a kasuwar Funtua, wanda ya ce finafinan Indiya duk rawa ne da ɓata lokaci, shi dai a bar shi da Samanja.

To, malam na Gwarzo, samarinka ba su yi ƙarya ba wajen tsawo, domin fim ɗin ya kusa awa uku. Amma bari mu tuna wa jama'a labarin. Mehboob Khan ne ya shirya shi a 1957, Nargis kuma ta fito a matsayin Radha, matar wani manomi. Surukarta ta ci bashin rufi 500 wajen mai ba da rance, Sukhilala, don hidimar bikin ɗanta. Da yake ba su iya karatu ba, sai aka wayi gari kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu nasa ne kowace shekara, kuma wannan ruwan bashi ne kawai, uwar kuɗi tana nan. Mijin ya rasa hannayensa wajen kawar da dutse a gona, ya bar gida saboda kunya, Radha ta ja garma da kanta ta reni 'ya'yanta.

Yanzu don Allah, wane manomi ne a cikinmu bai san wannan labari ba? Da damina rumbu ya ƙare, a je a karɓi kuɗin taki ko na magani, a yi alkawarin biya da buhu in kaka ta yi, lokacin da hatsi ya fi araha. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da fim ɗin ke jan kunne a kai shi ne dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba. Shawarata, malam, ka raba kallon dare biyu, kuma kafin ka kunna ka gaya wa samarin nan cewa labarin bashi ne. In an zo wurin lissafin hatsi, ka tsayar ka tambaye su buhu nawa zai rage wa mai gona in ya noma ashirin. Za su ce biyar, kuma daga nan za su zauna.

Kai kuma alhaji na Funtua, ba mu ƙi taka ba. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, soja ne na gaske, shi ya sa Samanja Mazan Fama ya shiga ran mutane, tun yana rediyo a Kaduna har ya koma talabijin. Ya nuna mana zaman bariki da Hausarsa ta sojoji, muka yi dariya, tsoron kaki ya ragu. Haka ma Cock Crow at Dawn da gidan talabijin na NTA ya fara nunawa a 1980, labarin iyalin da suka bar birni suka koma noma, inda marigayi Kasimu Yero ya fito. Sai dai kada ka yi wa na Indiya kuɗin goro. Kai da hatsi ke bi ta hannunka, kai ya fi kamata ka kalli Sukhilala da kyau, ka auna mudunka da nasa.

Akwai kuma wurin da masu kallo suka daɗe suna gardama. A ƙarshen fim ɗin, ɗanta Birju ya kashe mai rancen, ya ɗauke 'yarsa ranar bikinta, Radha kuwa ta harbe ɗan nata da hannunta don kare mutuncin yarinyar. Wasu na cewa uwa ba ta yin haka, wasu na cewa ta cika alkawarin da ta yi wa garinsu. Muna son jin ra'ayinku, musamman iyayenmu mata.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.