Yaro a Idon Al'ummu: Jawabin Reshe na Ranar Yara

 

Kowace al'umma da irin kallon da take yi wa ƙuruciya. A Ingila yaro yakan shiga makaranta yana ɗan shekara 5, a Finland kuwa sai ya kai 7, domin a can wasa shi ne karatun farko. A Japan ɗalibai ne da kansu suke share azuzuwansu, su raba wa juna abincin rana, don su saba da ɗaukar nauyi. A ƙasar Hausa ɗa na kowa ne: maƙwabci ya tsawata masa, goggo ta ɗauke shi riƙo, uwa kuma ta ƙi ambatar sunan ɗan farinta saboda kunya, alhali ƙaunarsa na cike da zuciyarta.

Wannan bambanci ya kai har ga dokoki. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ɗauki duk wanda bai cika shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma jera haƙƙoƙinsa. A 1990 ƙasashen Afirka suka tsara tasu, suka ƙara da cewa shi ma yaron akwai nauyi a kansa: girmama iyaye da taimakon iyali.

To, ina iyakar wannan taimako? Ita kanta Ingila ta taɓa cika masaƙunta da ƙananan yara, sai a 1833 doka ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 9 ba. Yaron Japan yana ajiye tsintsiya sai ya koma kan littafi. Amma yarinyarmu da ke yawo da farantin talla da hantsi, gurbinta a aji haka zai wuni babu kowa, ga shi kuwa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta mata karatun shekara 9 kyauta.

Aikin gida tarbiyya ne, ba mu musanta ba. Roƙonmu ga iyaye shi ne talla da aike su jira a tashi daga makaranta. Mu kuma malamai, duk ɗalibin da muka rasa kwana uku a jere, mu taka har gidansu mu ji dalili, cikin ladabi, kafin fashi ya zame masa jiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya albarkaci aikinmu.