Dam ɗin Usuma: Ruwan Shanmu, Kifinsa da Masu Zuwa Shan Iska

 Yau za mu leƙa Ushafa ne, a yankin Bwari na Babban Birnin Tarayya. Mutane da yawa sun san garin da tukwanen matan Gbagyi, waɗanda shugaban Amurka Bill Clinton ya zo har gida ya gani a watan Agustan 2000. To, a gefen garin nan, tsakanin duwatsu, dam ɗin Lower Usuma yake kwance, kuma shi ne randar Abuja.

An datse kogin Usuma a shekarun 1980, tun kafin gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas a Disambar 1991. Tafkin yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 100. Hukumar ruwa ta birnin ce ke tacewa ta tura famfunan unguwanni. Da jama'a suka yi yawa, sai aka jawo bututu mai tsawon kusan kilomita 75 daga dam ɗin Gurara a jihar Kaduna don a riƙa ƙara masa.

Masu sauraro, tsufan dam ba a bango kaɗai yake ba. Daga tudu yake farawa. Idan aka sare itatuwan gangare don gawayi ko gini, aka yi noma har bakin ruwa, to duk damina sai kwararar ruwa ta kwaso yashi da laka da ledoji ta zube su a tafkin. Wurin ajiyar ruwa ya ragu, ruwan ya gurɓace, kuɗin alam da sauran magungunan tacewa ya ƙaru. Kifi kuwa shi ke fara jin jiki. Karfasa a ruwa marar zurfi take share ɗan gurbi ta yi ƙwai. Tarwaɗa jira take ruwan farkon damina ya hau kan ciyawar gaɓa, ta shiga ciki ta zuba nata. Laka ta binne gurbin, shanu da garma sun cinye ciyawar, ina 'ya'yan kifi za su fito?

Shi ya sa nake ganin gyaran Usuma a gaɓarsa ya kamata a fara. A ware zirin ƙasa kewaye da ruwan, ba noma ba gini. A dasa jema, ciyawar nan mai dogayen saiwoyi da ke riƙe ƙasa, a mayar da ɗorawa da kaɗanya kan gangare, a jera duwatsu cikin kwazazzabai don su rage wa ruwa gudu. Yashe tafki aiki ne mai tsada, kuma in ba a tare lakar daga sama ba, za ta dawo.

Sai batun su. Kamun kifi da gidan sauro ko raga mai ƙananan ido kwashe zuriya ne. Zuba guba irin Gamalin kuwa, a ruwan da jarirai ke sha, wallahi wannan ta'asa ce. A tafkin Kainji an taɓa hana jan ragar dala saboda irin ɓarnar da take yi wa ƙananan kifi, kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa tana da masanan da za su iya tsara wa Usuma lokacin hutun su a damina. In za a ƙara iri, a nemo na kogin Gurara da Neja. A tuna da tafkin Biktoriya a gabashin Afirka: an kai giwan ruwa can a shekarun 1950, ta cinye nau'o'in ƙananan kifayen wurin masu ɗimbin yawa. A nan 'yar gida ce, a can baƙuwa ce mai ɓarna.

Yanzu ranar Asabar za ka ga matasa sun yi ayari suna hawan duwatsun Ushafa don su hango ruwan, kuma ina murna da hakan. Amma Usuma ba kamar tafkin Jabi na cikin Abuja ba ne. Tafkin Jabi ma don ruwan sha aka fara yin sa, daga baya ya koma wurin shaƙatawa. Usuma har gobe shi muke sha. Saboda haka kwalekwale mai inji da ke ɗigar da mai bai dace da shi ba, iyo ma haka, ga zurfi ga haɗarin nutsewa. Abin da ya dace shi ne hanyar ƙafa mai alama, wurin zama nesa da gaɓa, banɗaki da kwandon shara, sannan 'yan rakiya su zama samarin Ushafa, iyayenmu mata su baje tukwanensu a mashiga. Mutanen da aka tayar daga gonakinsu don Abuja ta sha ruwa su ne suka fi cancanta su fara cin moriyar baƙin.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in za ku hau dutsen Asabar ɗin nan, ku nemi izinin ma'aikatan hukumar ruwa, ku tafi da jaka, ku sauko da robobinku a ciki.